Kundin aiki: bin diddigin kurakuran sigina a wani tsarin Unix mai buɗaɗɗen tushe

Tsarin da ake gwadawa ɗan ƙarami ne daga dangin Unix, na injin x86-64. 'Yan sa-kai ne ke rubuta shi, kod ɗinsa a buɗe yake ga kowa. Ban sa sunansa ba domin ɗaya daga cikin rahotannin na tsaro ne, gyaransa kuma bai fita ba tukuna. Aikin shi ne a gano inda yake saɓa wa ƙa'idar POSIX, wadda tsare-tsaren dangin Unix ke bi, wajen isar da sigina (ɗan saƙon da ke katse shiri don sanar da shi wani abu ya faru), a matse kowane kuskure ya koma ɗan shiri guda, sannan a kai wa masu kula da shi. A nan "makarɓi" na nufin aikin da shiri ya ɗaura wa sigina da `sigaction`, "shinge" kuma jerin siginonin da aka toshe.

Litinin, 1 ga Satumba 2025

Mai masauki, wato injin gaske: Ryzen 5 3600, ƙwaƙwalwa 16GB, Debian. Baƙi huɗu a cikin QEMU, manhajar da ke kwaikwayon kwamfuta a cikin wata: tsarin da ake gwadawa, sai ma'aunai uku, wato Debian mai laburaren C na glibc, Alpine mai na musl, da FreeBSD 14. Ma'auni ɗaya ba ya isa. Idan Linux kaɗai aka duba, za a riƙa ɗaukar ɗabi'ar Linux a matsayin doka, alhali abubuwa da yawa zaɓinta ne kawai.

Gina GCC da binutils na musamman da tsarin ke buƙata ya ci minti 50, tsarin kansa minti 18 a karon farko. Faifai 9GB, data kusan 2.5GB. Ban da wannan ba a kashe ko kwabo ba.

Sharuɗɗan gwaji: kowane gwaji fayil ɗin C guda, kada ya wuce layi 60. A cikin makarɓi babu `printf`, babu `malloc`. Sai `write` da canjin `volatile sig_atomic_t`. Mai tsaron lokaci ba zai zama `alarm` ba, tunda sigina ce ita ma, kuma ba a sa wanda ake tuhuma gadin kansa. Daga waje ake yanke shi: `timeout 60` a kan QEMU, sakamako na fitowa ta `-serial stdio`.

3 ga Satumba

Gwaji 14 na tushe, duk sun wuce. `sigaction` a kan SIGKILL da SIGSTOP na mayar da EINVAL, `sigprocmask` na yin watsi da su shiru ba tare da kuskure ba, `kill` da sigina 0 na duba wanzuwar furoses (shirin da ke gudana) da izinin aika masa, ba ya aika komai. Na cire lambobi daga duk gwaje-gwajen na bar sunaye: SIGUSR1 10 ce a Linux ta x86, 30 a FreeBSD, 17 kuma SIGCHLD ce a Linux, SIGSTOP a FreeBSD.

Asabar, 6 ga Satumba

Rahoto biyu na rubuta yau, duka na goge kafin aikawa.

Na farko: na toshe SIGUSR1, na aika ta sau biyar, na buɗe, makarɓi ya gudu sau ɗaya. Ma'aunai ukun ma haka suka yi. Siginonin gargajiya ba sa bin layi. Bit ɗaya ne a furoses, ko a kunne ko a kashe. Waɗanda ke taruwa su ne daga SIGRTMIN zuwa sama, kuma lambar SIGRTMIN ɗin kanta ba ɗaya ba ce: 34 a glibc, 35 a musl.

Na biyu ya fi ban haushi. Gwajin da ya yi amfani da `signal()` ya mutu a sigina ta biyu a Debian amma ya rayu a tsarin da ake gwadawa, sai na ɗauka tsarin ne ke da laifi. Ashe `-std=c99` da na sa ne ya cire `_DEFAULT_SOURCE`, glibc kuma idan babu shi tana ba `signal()` halin System V, wato makarɓi ya koma na asali bayan isarwa ɗaya. POSIX ta bar wannan a buɗe. Daga yau babu `signal()` a gwajin ko ɗaya, `sigaction` zalla.

Talata, 9 ga Satumba

Kuskure na gaskiya na farko. Makarɓin da ke share wani ɗan tsari na bayit 64 a kan sitak (wurin ajiyar wucin gadi na ayyukan shiri) yana aiki idan an haɗa shi da `-O0`, yana faɗuwa da `-O2`. Da `objdump` na ga wurin faɗuwar: `movaps %xmm0,(%rsp)`. Wannan umarnin yana buƙatar adireshin da 16 ke rabawa daidai, in ba haka ba furosesa (CPU) ya tayar da kuskure lamba 13.

Ƙa'idar System V ta x86-64 ta ce a shiga aiki `%rsp + 8` ne ya zama ninkin 16, domin `call` ya riga ya tura adireshin komawa mai bayit 8. Kanel ɗin, wato zuciyar tsarin, yana rubuta adireshin komawa, sannan ya daidaita `%rsp` zuwa 16 cif. Bayit takwas ya kauce, kompaila kuma ya gina duk lissafinsa a kan alkawarin ƙa'idar.

Ba na son rahoton ya dogara da abin da GCC ya ga damar fitarwa, don gobe wani fitowar na iya zaɓar `movups` kuskuren ya ɓuya. Saboda haka mashigar makarɓin na rubuta ta da asembili, layi uku: kwafe `%rsp` zuwa wani canji na duniya, `ret`. Shirin ya buga ragowar rabawa da 16. Debian 8, Alpine 8, FreeBSD 8, tsarinmu 0.

Abin lura: tsofaffin QEMU a yanayin kwaikwayo zalla ba sa duba jeruwar `movaps`, suna wucewa abinsu. Da `-enable-kvm` furosesan gaske ne ke yanke hukunci. Mai yiwuwa shi ya sa abin ya daɗe ba a gani ba. Na sa wannan a rahoton a matsayin zato, ban ce tabbas ba.

Tsarin rahoton: take mai faɗin abin da ya faru, ba abin da nake zargi ba, shirin gwaji cikakke a manne, ba hoton allo ba, layin haɗawa, layin QEMU, abin da aka samu, abin da ake sa rai da sashen ƙa'idar da ya faɗi haka, sakamakon ma'aunai uku, fayil da layin kanel da nake zargi.

11 ga Satumba

Amsar farko tambaya ce: a kan wane komit, wato wane fitowar kod ɗin? Na manta ban sa ba. Kwana biyu sun tafi a banza. Yanzu rubutun da ke tayar da QEMU yana buga `git rev-parse HEAD` da `qemu-system-x86_64 --version` a saman kowane sakamako. Da yamma an haɗe gyaran, layi ɗaya ne.

Lahadi, 14 ga Satumba

Ranar abin da kanel ke bari a rajistoci (ƙananan ma'ajiyoyin cikin furosesa) lokacin shiga makarɓi. Dabarar da ta sauƙaƙa komai ita ce `ud2`. Maimakon a jira agogo ya faɗo daidai kan umarnin da ake so, sai a shirya yanayin, a sa `ud2`, SIGILL ta zo nan take a wurin. Makarɓi mai SA_SIGINFO ya ƙara 2 a kan RIP (rajistar da ke nuna umarnin da ake kai) da ke cikin `ucontext`, tsawon umarnin ke nan, shiri ya ci gaba. Sunan gurbin ya bambanta, `gregs[REG_RIP]` a Linux, `mc_rip` a FreeBSD, don haka akwai ɗan fayil na kai mai ɓoye bambancin.

Jan yanki, wato bayit 128 da ke ƙasan `%rsp` waɗanda aikin da ba ya kiran kowa ke da ikon ajiya a cikinsu: na cika su da 0xA5, `ud2`, na duba. Lafiya lau, kanel yana tsallake su.

Tutar alkibla, bit na 10 a RFLAGS, ita ce ta faɗi. Jerin shi ne `std`, `ud2`, `pushfq`, `pop`, `cld`. Ƙa'ida ta ce a shiga kowane aiki tutar a kashe take. A nan makarɓi ya same ta a kunne. Ma'anarsa: sigina ta faɗo a tsakiyar kwafi mai tafiya da baya, makarɓi ya yi `rep movsb`, rubutun ya nufi ƙasa maimakon sama, ya taka abin da ba nasa ba. Wannan tsohon rami ne. A 2008, da GCC 4.3 ya daina sa `cld` kafin umarnin kwafi, aka gano Linux da BSD duk ba sa share tutar kafin makarɓi. Shi ne CVE-2008-1367, Linux ta gyara a 2.6.25. Na ambaci wannan a layi ɗaya a rahoton don a san ba tsirfa ba ce.

Ɓangare na biyu na gwajin ya wuce: bayan komawa tutar tana nan a kunne kamar yadda shirin ya bar ta. Tarko ga mai rubuta irin wannan gwajin: `pushfq` a cikin asembilin da aka cusa a C yana iya taka jan yankin aikin kansa. Fayil ɗin `.S` daban ya fi aminci.

17 ga Satumba

SA_RESTART, tutar da ke sa a sake kiran da sigina ta katse, a kan `read` na bututu, `wait4`, `accept`: daidai. Kanel na mayar da RIP baya da bayit 2, tsawon umarnin `syscall`, ya maido lambar kiran a RAX. `write` da aka katse bayan ya rubuta wani ɓangare yana mayar da adadin da ya rubuta, ba EINTR ba. Shi ma daidai.

Alhamis, 18 ga Satumba

`nanosleep` na daƙiƙa ɗaya, `setitimer` na harba SIGALRM kowane milisakan 100, makarɓi da SA_RESTART. Barcin ba ya ƙarewa har abada, domin kowace sigina tana sa a sake kiran da cikakkiyar daƙiƙa ɗayan. Linux da FreeBSD suna mayar da EINTR tare da ragowar lokacin, ko da SA_RESTART.

Wannan rahoton ya jawo musu, kuma mai musun yana da hujja. Bayanin SA_RESTART a POSIX ya yarda cewa kiran da ke da wa'adi, idan aka sake shi, sabon wa'adin na iya zama kowane adadi muddin bai wuce na asali ba. Cikakkiyar daƙiƙa bai wuce daƙiƙa ba. Hujjata ita ce shafin `nanosleep` kansa, wanda ya ce barcin yana ƙarewa idan an isar da sigina mai makarɓi, SA_RESTART kuma ya ware abin da aka faɗa daban a wani wuri. A ganina karatu na biyu ya fi ƙarfi, amma kuskurena ne da na rubuta take mai cewa an karya ƙa'ida. Na sauya shi zuwa abin da ba a musu a kansa: shirin da aka kawo daga Linux ko BSD zai maƙale. Nan da nan zancen ya sauko. An yarda a mayar da EINTR a `nanosleep`, `poll` da `select`. Faci, wato gyaran kod ɗin, bai zo ba tukuna.

21 zuwa 26 ga Satumba

Mako guda a kan abu ɗaya.

Gwajin: uba da ɗa suna jifan juna da SIGUSR1, zagaye 200,000. Ya maƙale a wajen zagaye na dubu talatin da wani abu. Kafin murna na kai shi Debian, can ma ya maƙale. Laifin gwajin ne: `while (!tuta) pause();`. Idan sigina ta faɗo tsakanin duba tuta da shiga `pause`, makarɓi ya riga ya gudu, `pause` kuma zai jira wata da ba za ta zo ba. Don wannan aka yi `sigsuspend`: a toshe siginar tun farko, a duba tuta, sannan `sigsuspend` ya buɗe shinge ya kwanta a taki ɗaya.

Da aka gyara, ma'aunai uku suka yi zagaye miliyan goma-goma ba tangarɗa. Tsarinmu da `-smp 1` ma haka. Da `-smp 4` ya sake maƙalewa, wani lokaci a zagaye na dubu goma, wani lokaci sai ya haura dubu ɗari. Ruwa ba ya tsami banza.

QEMU da `-s`, gdb a `target remote :1234`. `info threads` ya nuna furosesa huɗun duk suna zaune a `hlt`. A tsarin bayanan ɗan: halinsa barci, bit ɗin SIGUSR1 a kunne cikin masu jira, shinge a buɗe. Wato siginar ta iso, ba a toshe ta ba, amma ba wanda ya tashe shi. Daga shel na aika masa wata sigina mai makarɓi, ya farka ya karɓi duka biyun. Wannan ya tabbatar farkarwa ce ta ɓace, ba siginar ba.

Kod ɗin `sigsuspend` yana riƙe makulli ya sauya shinge ya duba masu jira, ya saki makullin, sannan ya sa wa zaren (layin gudu na furoses ɗin) alamar barci. Mai aikawa a wani furosesa yana kunna bit, ya duba ko zaren na barci. Idan ya shigo a wannan 'yar tazarar zai ga zaren a farke, ya tafi bai tashe shi ba. Rige-rigen da `sigsuspend` ya zo kashewa shi ne ya koma cikin kanel.

Matsalar rahoto ita ce abin da ke faruwa sau ɗaya a dubun dubata ba kowa zai iya maimaita shi ba, wanda bai gani ba kuma zai rufe rahoton. Sai na faɗaɗa tazarar da gangan: faci mai layi biyu da ke sa kanel ya yi zagayen banza na umarnin furosesa `pause` sau 20,000 tsakanin sakin makulli da sa alamar barci. Da shi, gwajin yana maƙalewa kafin zagaye na goma, kowane karo. Na haɗa facin da rahoton, da gargaɗin cewa na nuni ne, ba na haɗewa ba.

Da wannan `git bisect`, wato neman komit ɗin da ya kawo kuskure ta raba tarihi biyu-biyu, ya yiwu. Kafin facin na gwada, ya kai ni ga komit ɗin da ya taɓa rubutun taimako kawai, saboda wani mataki ya wuce da sa'a na ce masa mai kyau ne. Yini guda ya salwanta a nan. Karo na biyu: komit kusan 1,800, mataki 11, kowanne gini na minti shida zuwa ashirin, sau uku sai da na sa facin da hannu domin fayil ɗin ya canja. Ya tsaya a komit ɗin da ya raba babban makullin kanel zuwa ƙanana. Kafin nan makulli ɗaya ne ke rufe komai, rige-rigen ba shi da ƙofa.

Gyaran da na ba da shawara: a sa alamar barci makulli na hannu, a sake duba masu jira, sannan a saki. Sun zaɓi wata hanya, ta layin jira da suke amfani da shi a bututu. Tasu ta fi, domin `sigtimedwait` ma yana da irin wannan tazarar kuma ta rufe duka biyun. Zagaye miliyan 50 cikin dare, da facin jinkiri a ciki, bai maƙale ba.

Asabar, 27 ga Satumba

Gado ta `fork` da `exec`. Ɗa yana gadon makarɓa da shinge, masu jira kuma a share: daidai. Bayan `exec` makarɓa su koma na asali, shinge da masu jira su tsaya: daidai. Amma SIG_IGN ma ana mayar da ita ta asali, wanda kuskure ne. Abin da aka yi watsi da shi ya kamata ya ci gaba a haka. Shaida mafi sauƙi ita ce `nohup`, wanda aikinsa kawai ya yi watsi da SIGHUP ya yi `exec`. A nan `nohup sleep 100` yana mutuwa da SIGHUP. Na aika faci mai layi uku tare da gwajin.

29 ga Satumba

SIGCHLD a SIG_IGN ba ta barin gawar 'ya'ya, `wait` na mayar da ECHILD. SIGCONT na share siginonin tsayawa masu jira, su ma suna share ta. Sa SIG_IGN na zubar da mai jira ko da a toshe take. Duk sun wuce.

Laraba 1 da Alhamis 2 ga Oktoba

Rajistocin lissafi. Na cika XMM0 zuwa XMM15, `ud2`, makarɓi ya ɓata su, na duba bayan komawa: sun dawo. Na maimaita da YMM, rajistocin AVX masu ninka faɗin XMM, makarɓi yana yin `vzeroall`: rabin ƙasa ya dawo, rabin sama sifili.

Dalili a fili yake. Wajen sauya zare kanel yana amfani da `xsave`, wajen gina firam ɗin sigina kuwa `fxsave`, mai bayit 512, wanda bai san AVX ba. Tunda kanel ya kunna AVX a XCR0, shiri na da ikon amfani da shi. Ba sai makarɓi ya yi mugunta ba: kompaila na sa `vzeroupper` a ƙarshen ayyukan AVX, `memcpy` guda ya isa. Alamar a waje ita ce lissafi ya ba da amsar banza jefi-jefi, ba faɗuwa, ba saƙo. Irin wannan ɓarnar ba ƙananan tsari kaɗai take samu ba. Lokacin da ake shirya Go 1.14, wanda ke katse ayyukansa da SIGURG, masu shi sun tono wani kuskure a Linux 5.2 da ke lalata rajistocin AVX wajen isar da sigina. Sanadin daban ne da namu, an gyara a 5.3.15 da 5.4.2.

Facin farko da aka turo na gwada ya maye `fxsave` da `xsave` kai tsaye. An yi gudun gara an faɗa gidan zago: kanel ya rushe a gwajin farko. `fxsave` jeruwar 16 yake so, `xsave` 64. Bayan an gyara wannan ya sake rushewa a `xrstor`. Kan yankin, bayit 64 da ke bin na 512, `xsave` ba ya rubuta shi duka, `xrstor` kuma yana ƙin karɓa idan guraben da aka keɓe ba sifili ba ne. A kan sitak ɗin mai amfani akwai tarkacen baya, dole a share kan tukuna. Na ƙara gwajin da ke cika sitak da 0xFF kafin sigina, da wanda ke gusar da `%rsp` da 16, 32, 48. Faci na uku ya wuce duka.

Saura girma. Da AVX yankin bayit 832 ne, da AVX-512 kusan 2,700, MINSIGSTKSZ kuwa, mafi ƙarancin girman sitak ɗin makarɓi, 2048 aka kwafo daga Linux. Linux ta magance wannan da AT_MINSIGSTKSZ, wanda ya zo x86 a 5.14, glibc 2.34 kuma ta kawo `sysconf(_SC_MINSIGSTKSZ)`. Tsarinmu bai kunna AVX-512 ba tukuna, injina ba shi da shi, QEMU kuma ba ya kwaikwayonsa. Na rubuta shi a matsayin gargaɗi, ba rahoton kuskure ba, tunda ban gani da idona ba.

Lahadi, 5 ga Oktoba

`sigreturn`, kiran da ake komawa daga makarɓi da shi, yana karanta yanayin furosesa daga ƙwaƙwalwar da mai amfani ke iya rubutawa, don haka duk abin da ke firam ɗin abin zargi ne. Daga cikin makarɓi na sauya gurabe ɗaya-ɗaya.

IOPL, bit na 12 da 13: an tace. Tutar katsewa, bit na 9: an tace. CS da SS: kanel na sa nasa. MXCSR, rajistar da ke sarrafa lissafin XMM: ba a tace ba. Yana nan a bayit na 24 na yankin. Na kunna bit na 31, wanda aka keɓe, makarɓi ya koma, `xrstor` ya tayar da kuskure 13 a cikin kanel, injin ya tsaya cak. Mai amfani mara ko wane iko, layi 25 na C.

Magani: ko a tace da MXCSR_MASK da furosesa ke bayarwa a bayit na 28 na `fxsave`, ko a kama kuskuren a kashe furoses ɗin da SIGSEGV. Kada a rubuta 0xFFFF da hannu: a AMD akwai bit na 17 mai halacci, kuma idan gurbin ya zo sifili abin da ake ɗauka 0xFFBF ne. Tacewa kaɗai ba ta isa ba tunda kan yankin ma mai amfani na iya ɓata shi, don haka na ba da shawarar a yi duka biyun.

Wannan bai shiga fili ba. Ta adireshin tsaro da ke fayil ɗin `SECURITY.md` na aika.

RIP mara tsari, irin 0x0000800000000000: a injina furoses ya mutu, kanel ya rayu. Wannan bai wanke shi ba. A Intel, `sysret` da irin wannan adireshin yana tayar da kuskuren tun ana mataki na 0, na kanel, sitak kuma na mai amfani. A AMD sai an sauka mataki na 3, na mai amfani. Shi ne CVE-2012-0217 da ya taɓa FreeBSD, NetBSD, Xen da Windows. Na karanta kod ɗin, `sigreturn` na fita ta `iretq`, amma karatu ba gwaji ba ne. Ana buƙatar injin Intel.

7 ga Oktoba

An amsa wasiƙar tsaro, an maimaita rushewar a wajensu. An haɗe facin `nohup` da na tutar alkibla.

Alhamis, 9 ga Oktoba

`sigaltstack`, mai keɓe wa makarɓi sitak na biyu. ENOMEM idan girman bai kai ba, EPERM idan aka nemi canja shi ana kansa, SS_ONSTACK na fitowa daidai. Shiri mai kiran kansa har sitak ya cika yana samun SIGSEGV a kan sitak na biyu. Idan babu na biyun ana kashe shi, ba a shiga zagayen kuskure.

Inda ya faɗi: sigina a cikin sigina. Makarɓin SIGUSR1 na kan sitak na biyu ya yi `raise(SIGUSR2)`, ita ma da SA_ONSTACK. Kanel ya sake farawa daga saman sitak ɗin, ya rubuta firam na biyu a kan na farko. Makarɓi na biyu ya koma lafiya, na farko ya tarar an share masa gida. Ya kamata a duba ko `%rsp` ya riga ya shiga yankin, in haka ne a ci gaba daga inda yake. Gwajin na kwatanta adireshin `ucontext` na biyun: a ma'aunai sun bambanta, a nan ɗaya ne. An kai rahoto.

12 ga Oktoba

Na juya ga shirye-shiryen da ke zuwa da tsarin: `grep` na `sigaction`, makarɓa 23, na bi kowanne zuwa abin da yake kira. Huɗu suna kiran abin da ba ya cikin jerin amintattu na POSIX, biyu `fprintf`, ɗaya `exit` maimakon `_exit`, ɗaya `free`. Uku kuma suna kiran `waitpid` ko `write` ba su ajiye `errno` ba.

Ana raina irin wannan. Amma CVE-2024-6387 da Qualys ta bayyana ranar 1 ga Yuli 2024 ke nan: makarɓin SIGALRM na `sshd`, idan LoginGraceTime ya cika, yana kiran `syslog`, shi kuma a glibc yana taɓa `malloc` da `free`. Ya shafi OpenSSH daga 8.5p1 har aka gyara a 9.8p1, kuma tsohon CVE-2006-5051 ne ya dawo. Namu huɗun babu wanda ke sauraron intanet da ikon tushe, don haka rahoto ɗaya na haɗa su, da lakabin ba na gaggawa ba. Mai `free` ɗin na rubuta masa faci: makarɓi ya rubuta bayit ɗaya a bututu, babban zagayen shirin ya yi sauran aikin.

Laraba, 15 ga Oktoba

Gwaje-gwaje 61. An haɗe gyaran jeruwar sitak, tutar alkibla, `sigsuspend`, SIG_IGN da YMM. `nanosleep` an amince, babu faci. Zan rubuta shi da kaina a wannan makon, wurin da za a taɓa ɗaya ne a hanyar fita daga kira. Sitak na biyu da makarɓan shirye-shirye ba a amsa ba. Na MXCSR yana reshe na sirri, na gwada shi jiya da bit 16 zuwa 31 ɗaya-ɗaya da kan yanki mai tarkace, bai rushe ba.

An nemi a shigar da gwaje-gwajen cikin ma'ajiyar tsarin. Sai an sauya su zuwa tsarin gwajinsu, kuma injin gwajinsu na atomatik ba shi da KVM, furosesa ɗaya yake ba QEMU. Gwajin rige-rigen ba zai kama komai a haka ba. Na buɗe buƙatar a mayar da shi `-smp 4`.

Mataki na gaba: zaruruwa. Wa ke karɓar siginar da aka aika wa furoses idan zare uku sun toshe ta ɗaya bai toshe ba, `pthread_kill` ga zaren da ya riga ya fita. Bayan nan sashen sigina na Open POSIX Test Suite da ke cikin LTP, wanda na fara haɗawa: fayil da yawa sun ƙi saboda `sigqueue` da `timer_create` babu su a laburaren C na tsarin. An samu aron tsohuwar kwamfutar tebur mai Core i5 don gwajin RIP a ƙarshen mako. Tana da kan siriyal a jikin allon uwa amma babu mashiga a baya, sai an nemo igiyar DB9 mai fil goma da kebul ɗin USB zuwa siriyal kafin Asabar.